Yaya kunne zai bambance tsirkiyar bes mai sulɓi da mai kaushi?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum, makaɗa da masu haɗa sauti. Tambayata a kan tsirkiyar jitar bes ce. Akwai wadda ake rubuta wa flatwound a jikin kwali, mai sulɓi kamar bayan cokali, akwai kuma roundwound, mai kaushi, wadda ke gurzar yatsa. A hannu kam ba mai ruɗewa. To amma idan waƙa ce da aka riga aka ɗauka, ba a ganin jitar, me kunne zai kama? Kowa cewa yake mai sulɓi muryarta a dushe take, mai kaushi kuma tana da kaifi. Sai dai in an murɗe ton ɗin jitar, wato maɓallin rage kaifin sauti, ƙasa, ko mai kaushin ta tsufa, ai ita ma dushewa take yi. Akwai alamar da ba ta yaudara? Kuma yaya mutum zai gwada da kansa?

Mai_Gyaran_Jita:

Wa alaikumus salam. Fara sanin yadda aka ƙera su, daga nan kunnenka zai san inda zai tsaya.

Kowacce tana da waya guda ta ƙarfe a tsakiya, galibi mai kusurwa shida, a wasu kuma zagayayya. Bambancin yana kan wayar da aka naɗa a waje. A mai kaushi wayar naɗin zagayayya ce kamar zare, saboda haka tsakanin zagaye da zagaye akwai ɗan kwari, kuma kowane zagaye ɗan wuri kaɗan yake taɓa na kusa da shi. A mai sulɓi wayar naɗin faffaɗa ce, a baje take, ana naɗa ta gefe na manne da gefe, sannan a goge ta ta yi sumul. Sakamakon haka mai kaushi ta fi saurin lanƙwasuwa, tana iya kaɗawa a ƙananan gaɓoɓi, waɗanda su ke haifar da siraran sautukan sama. Mai sulɓi ta fi tauri, kuma gefunan naɗinta suna gugar juna yayin da take kaɗawa. Wannan gugar ce ke cinye siraran sautukan da wuri.

Kada ka tsaya a kan kaifi ko dushewar kiɗan gaba ɗaya, wannan ita ce alamar da ta fi kowacce ruɗi. Saurari wurare uku.

Na farko, kuma mafi aminci, tsakanin sauti da sauti. Duk sanda makaɗi ya ja hannun hagu daga wani wuri zuwa wani a kan wuyan jita, fatar yatsarsa tana bi ta kan kwarin naɗin, sai ka ji wani siririn “ziiit” ko “shuut”. Mai kaushi ce kaɗai ke wannan kukan a fili. Mai sulɓi in ta yi yawa ka ji ɗan shafa mara ƙara. Nemi inda ganguna suka yi shiru ko bes ya rage shi kaɗai, nan ake kama shi. In ka ji shi, magana ta ƙare. In ba ka ji ba, kada ka yanke hukunci tukuna, don gwanin makaɗi yana ɗaga yatsa kafin ya matsa, mai haɗa sauti kuma yana iya share shi.

Na biyu, farkon sautin. Mai sulɓi tana fara da “tum” a dunƙule, kamar an daki ganga da tafin hannu, nauyin duka a gaba yake. Mai kaushi tana fara da “ƙirin”, akwai amon ƙarfe a kai, irin na maɓallan fiyano na can hagu. Idan tsirkiyar tana ɗan taɓa ƙarafunan wuya, wato firet, mai kaushi gurnani take yi mai ɗorewa, “zirrr”, mai sulɓi kuwa “ƙwas” ɗaya take yi ta wuce.

Na uku, wutsiyar sautin. Bar kunnenka a kan sauti ɗaya da aka riƙe ya daɗe. A mai kaushi launin muryar yana nan kusan yadda ya fara, yana raguwa a hankali. A mai sulɓi cikin ɗan lokaci kaifin ya zube, sai kaurin ya rage shi kaɗai yana tafiya. Mutane na cewa mai sulɓi ba ta da dogon numfashi. Ba haka ba ne sosai: uwar sautin, wato kaurin nan, tana daɗewa, 'ya'yan, wato siraran sautukan sama, su ne ke mutuwa da wuri, kunne kuma su ya fi ji, shi ya sa yake zaton sautin ya ƙare.

Injiniyan_Sauti:

Malam Mai Gyara ya ɗora harsashi. Bari in sa lissafi a kai, in kuma amsa maganar ton, don ita ce gundarin tambayar.

Tsirkiyoyi huɗun bes, masu suna E, A, D da G daga mafi kauri zuwa mafi siranta, in an kaɗa su a sake, suna ba da 41.2 Hz (yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya) a E, 55 Hz a A, 73.4 Hz a D, 98 Hz a G. Wannan ita ce uwar sauti. A kanta akwai 'ya'ya, ninki-ninkinta: na A su ne 110, 165, 220, 275, haka har sama. Uwar ɗaya ce ko wace tsirkiya ka ɗaura. Bambancin duk yana cikin 'ya'yan: nawa ne suka fito, da wane ƙarfi, kuma har yaushe suka rayu. Amon ƙarfe da kukan yatsa na mai kaushi suna zaune daga wajen 2,000 Hz zuwa sama. Sifikar waya kusan ba ta fitar da uwar sautin bes ko kaɗan, don haka a waya sabuwar mai kaushi tana fitowa tangaran, mai sulɓi kuma kamar ta ɓuya. Wannan ma alama ce, amma don hukunci na gaskiya a sa abin sauraro mai rufe kunne ko sifikar sutudiyo.

Yanzu ton. A jita irin Precision ta kamfanin Fender, abin murɗa ton ba komai ba ne illa 'yar na'ura mai ƙarfin 250k haɗe da kafasita, galibi 0.047 µF, masu zubar da sautukan sama. In ka murɗe shi, yana yanke su daidai wa daida tun daga farkon sautin har ƙarshensa, bai san lokaci ba. Ita kuwa mai sulɓi da ton a buɗe, a ƙiftawar farko tana da kaifinta, akwai ɗan “tak” a bakin sautin, sannan ya ɓace. To ga bambancin: mai kaushi da aka rufe wa ton tana jin kamar an lulluɓe sifika da bargo, farko da ƙarshe duk a toshe. Mai sulɓi bakinta a buɗe yake, jikinta ne mai laushi. Kunnen da ya koyi wannan da wuya a sake ruɗa shi.

Ga yadda za ka gwada. Jita ɗaya za ka yi amfani da ita, ba biyu ba, domin bambancin jita da jita yakan fi na tsirkiya girma. Haɗa ta kai tsaye cikin na'urar ɗaukar sauti ta kwamfuta, ba amfilifaya, ba makirufo. Buɗe boliyom da ton har ƙarshe. In jitar mai batir ce, tsayar da maɓallan bes da tirebul a tsakiya. Zaɓi wuri ɗaya da za ka riƙa kaɗawa da hannun dama, ka manna ɗan salatif a jikin jitar don kada ka kauce, saboda matsawa santimita uku zuwa wajen gada, wato ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi a jikin jita, kaɗai yana ƙara kaifi fiye da yadda ake zato.

Abu huɗu za ka ɗauka da kowace tsirkiya. Kaɗa A a sake ka bar ta daƙiƙa 10. Danna firet na 5 a kan E, shi ma A ne, ka bar shi haka. Ja yatsa daga firet na 3 zuwa na 10 ba tare da ɗagawa ba. Sai ka ɗora yatsa sama-sama, ba dannawa, daidai kan firet na 12, na 7, na 5 da na 4, ka kaɗa: waɗannan su ke fito da ninki na 2, na 3, na 4 da na 5 su kaɗai. A mai kaushi duka huɗun suna ƙara kamar ƙararrawa. A mai sulɓi na 12 da na 7 suna fitowa, na 5 ya fara rauni, na 4 kuma sai ka yi da gaske.

Adana a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. Kada ka tura ta saƙon murya na WhatsApp sannan ka ce za ka yi hukunci, matsewar da ake yi wa fayil ɗin tana taɓa daidai wurin da kake nema. Daidaita ƙarfin fayilolin biyu kafin ka saurara, don kunne kullum wanda ya fi ƙara yake ɗauka ya fi kaifi. Buɗe su a manhajar Audacity, kyauta ce, ka juya zuwa hoton sifektirogiram, mai nuna sautukan ƙasa da na sama a layi-layi, ka sa iyakar sama a 8,000 Hz. Za ka ga mai kaushi da dogayen layuka a jere har sama, suna tafiya tare. Mai sulɓi za ka ga tsiri ɗaya a tsaye a farko, layukan sama su gajarce, na ƙasa biyu ko uku su zarce. Daga ƙarshe sa wani ya cuɗa fayilolin ya kunna maka ba ka gani, sau 10. In ka ci 9 ko 10, kunnenka ya kama. In 5 ko 6 ka ci, canki-canki kake yi.

Tsohon_Makaɗi:

Bayanin 'yan'uwa daidai ne a ɗakin gwaji. A cikin waƙa kuwa sai an yi hattara, don hannu da saitin jita suna iya juya hukuncin gaba ɗaya.

Shekarar da aka ɗauki kiɗan ma shaida ce. Fender ta fito da Precision a 1951, kuma tun daga nan har tsakiyar shekarun 1960 kusan duk bes ɗin lantarki da mai sulɓi ake kaɗa shi. A 1966 ne kamfanin Rotosound na Ingila, tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who, suka fito da Swing Bass 66, mai kaushin da ta bazu ko'ina. Chris Squire na Yes ya ɗora ta a jitar Rickenbacker yana kaɗawa da fik, wato 'yar robar da ake kaɗa tsirkiya da ita, wannan ƙarar ƙarfen ita ce ƙarshen kaifin mai kaushi. Wanda ke son horar da kunne ya fara da shi a gefe guda.

A ɗaya gefen kowa James Jamerson na kamfanin waƙa na Motown a Ditiroyit yake ambata. Gaskiya ne mai sulɓi ta kamfanin La Bella yake ɗaurawa, mai kauri, daga .052 zuwa .110 na inci, kuma ba ya canja ta sai ta tsinke. Amma a tuna akwai soso a ƙarƙashin murfin gadar jitarsa yana danne tsirkiyoyin, tsirkiyoyin suna nesa da wuya, kuma da yatsa ɗaya yake fizga. Rabin gajartar sautin nan aikin soso ne. Ka cusa soso mai kaurin yatsa biyu a ƙarƙashin mai kaushi dab da gada, ka rufe ton, za ka ruɗi mutane da yawa.

Ga kuma masu karya ƙa'idar. Steve Harris na Iron Maiden, wanda bes ɗinsa ke “ƙwal-ƙwal-ƙwal” a saman jitoci masu ƙara, mai sulɓi yake kaɗawa, Rotosound daga .050 zuwa .110. Sabuwa fil yake amfani da ita, tsirkiyoyin suna kwance dab da wuya, yana dukansu su daki firet. Duk wanda ya dogara da kaifi kaɗai zai rantse mai kaushi ce. Amma saurara da kyau: ƙwanƙwasa ce, ba gurnani ba, kuma ba kukan yatsa. Carol Kaye a Los Anjalas ita ma mai sulɓi ce da fik, “tik” a gaba, jiki gajere a baya. Jaco Pastorius kuwa akasin haka: jitarsa ba firet, sautin yana malala da laushi, mutum sai ya ce mai sulɓi ce, alhali Rotosound mai kaushi ce, har sai da ya shafe allon wuyan da ifoksi, wato gam mai tauri, don kada ta ci katakon. Wannan kukan mai kama da muryar mutum da ke kumbura bayan an kaɗa, gugar naɗin kaushi ce a kan allo mai tauri.

Inda ba a cika ruɗewa ba shi ne salon mari da fizga, na babban yatsa, irin na Marcus Miller. Fizgar G da ke fashewa “fyat” kamar bulala, da tsakiyar sauti a rame, wannan mai kaushi ce, yawanci ta farin ƙarfe mara tsatsa. In an mari mai sulɓi “tok” take cewa, a dunƙule.

Sabon_Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura abu biyu. Tsohuwar mai kaushi da ta mutu, yaya za a raba ta da mai sulɓi? Sannan in na ɗaura mai sulɓi don gwajin nan, akwai abin da zan gyara a jitar?

Mai_Gyaran_Jita:

Abin da ke kashe mai kaushi shi ne gumi, maiƙon hannu da ƙura da ke cika kwarin naɗin, su ƙara mata nauyi su hana ta lanƙwasuwa. Ga mai kaɗawa a zafi, ko lokacin ƙurar hunturu, makonni kaɗan sun isa. Amma dattin ba ya taruwa daidai: ya fi yawa daga firet na 1 zuwa na 7 da inda hannun dama ke kaɗawa, kuma E da A sukan riga D da G mutuwa. Don haka alamar tsohuwar mai kaushi ita ce rashin daidaito. Sauti ɗaya a toshe, na gaba da shi da ɗan saura. E ta zama laka, G tana ƙara. In an hau sama da firet na 12 sai ka ji tana ɗan kauce wa saiti, allurar na'urar saiti ma tana rawa ba ta tsayawa. Kukan yatsa kuma yana raguwa ne kawai, ba ya ɓacewa, don kwarin na nan. Mai sulɓi da ta kwanta, tsirkiyoyi huɗun murya ɗaya suke yi, tum ɗinta a tsaye yake da ƙarfinsa. Ta kan yi shekaru a haka.

In kana shakkar wadda ke hannunka mutuwa ta yi, kwance ta ka jiƙa a sifirit kwana ɗaya, ka shanya ta bushe sarai. Kaifin zai dawo na ɗan lokaci. Tafasawa a ruwa minti 10 zuwa 15 ma tana yi, sai dai tana jawo tsatsa a wayar ciki in ba ta bushe ba.

Ka kuma sani ba duk mai sulɓi ce murya ɗaya ba. Sabuwar D'Addario Chromes da Ernie Ball mai ƙarfen kobal suna da kaifin da zai ba ka mamaki a makonnin farko. La Bella Deep Talkin' ita ce mai tum ɗin da. Thomastik-Infeld ta Ostiriya, JF344, mai awon .043, .056, .070, .100, sassauƙa ce a hannu, muryarta a tsakiya take, tana waƙa, tana da dogon numfashi. Kada ka yanke hukunci a ranar da ka ɗaura, ba ta makonni tana shan hannu. Akwai kuma na tsakani: Half Rounds na D'Addario, mai kaushi ce aka goge bayanta, Pressurewound na GHS, an matse wayar naɗin ta ɗan baje, da mai rigar nailan baƙa irin Rotosound Tru Bass 88, wadda ta fi duka laushi, ta kusa da babban bes na katako. Biyun farkon nan, a cikin waƙa, ba wanda zai rantse a kansu.

Batun gyara, eh, kuma in ba ka yi ba gwajin ya lalace. A awo ɗaya, misali .045 zuwa .105, mai sulɓi galibi ta fi ja, don ƙarfen da ke cikinta ya fi yawa. Wuya zai ƙara lanƙwasowa gaba, tsirkiyoyi su yi nesa da firet, ƙwanƙwasar nan ta ɓace, sai ka ɗora wa tsirkiya laifin dushewar da saiti ne ya jawo. Thomastik kuma akasin haka take yi, wuya ya koma baya, ta fara zirrr a firet na farko-farko.

Bayan ka ɗaura ka saita, danne E a firet na 1 da na ƙarshe a lokaci ɗaya, ka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 8. Wajen 0.3 mm ake so. In ta fi haka, sassauta tsirkiyoyin, ka ɗaure sandar cikin wuya rubu'in juyi kawai, ka sake saitawa, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. In sandar ta ƙi juyawa, tsaya, kada ka tilasta. Sannan tsayin tsirkiya a firet na 17: wajen 2.4 mm a E, 2.0 mm a G. Daga nan ka gwada firet na 12 da na'urar saiti. In sautin ya haura, ja sirdin gadar, wato ɗan ƙarfen da tsirkiya ke hawa kai, baya, in ya gaza, turo shi gaba.

Kuskure biyu ke tsinka mai sulɓi tun ranar farko. Ɗaya, zura ta ta bayan jikin jita a irin gadar da ke da wannan hanyar: kwanar ta yi tsanani, naɗin zai buɗe a kan sirdi, sai dai in kwalin ya ce an yi ta don haka. Biyu, sayen tsawon da bai dace ba. Jita mai tsawon tsirkiya inci 34 da mai inci 30 ba tsirkiya ɗaya suke ci ba. Siririn ƙarshen mai zaren siliki ne kaɗai ya kamata ya naɗu a kan maɗauri. In jikin mai sulɓin ya hau kai, zai tsage, sautin ya mutu ko ta tsinke.

Injiniyan_Sauti:

Ƙari kaɗan ga Sabon Hannu, kafin ka shiga farautar waƙoƙi. Tabbatar da farko cewa jita ce ma. Yawancin bes ɗin da ke fitowa daga sutudiyoyinmu a yau daga fiyano ko kwamfuta yake, kuma akwai sautukan da aka naɗa daga jita ta gaske har da kukan yatsa a ciki. Yadda ake kama su: “ziiit” ɗin iri ɗaya ne sak duk sanda ya dawo, ko ya fito a inda hannu ba shi da dalilin matsawa.

In jita ce ta gaske, kwafi waƙar cikin Audacity, ka yanke duk abin da ke ƙasa da 1,500 Hz, ka saurari abin da ya rage a wurin da kuge da murya suka yi sauƙi. In bes ɗin yana nan kana iya bin kiɗansa, mai kaushi ce, sabuwa. In ƙwas-ƙwas kaɗai ya rage a farkon kowane sauti, mai sulɓi ce ko fik a kan tsirkiyar da aka danne. In babu komai, mai haɗa sautin ya riga ya share wurin, sai ka koma wani sashe na waƙar ko ka nemi wadda aka ɗauka a dandali.